Yadda madannin Enta ke tura fom kafin mai shi ya shirya: Darasi daga shagunan intanet na Adjamé da Treichville

Wata Asabar da hantsi na raka 'yar maƙwabcina wani shagon intanet, irin waɗanda a nan Abidjan ake kira siber, a wani lungu kusa da tashar motocin Adjamé. Mahaifinta ɗan kasuwar albasa ne, bai yi boko ba, shi ya sa duk abin da ya shafi takarda ni yake turo wa. Yarinyar ta ci jarrabawar BEPC, tana son zama jarrabawar shiga wata makarantar koyon sana'a mai zaman kanta da ke da rassa a garuruwa da dama. Saura kwana biyu a rufe rajista.

Shagon ya cika maƙil. Wasu na zaune a benci da takardun haihuwa a hannu, wasu na tsaye a bakin ƙofa. Da layi ya zo kanmu, matashin da ke kula da kwamfutar ya buɗe fom ɗin, ita tana karanto masa yana rubutawa: suna, sunan iyali, ranar haihuwa, sai lambar waya. Yana gama buga lamba ta goma ƙaramin yatsansa ya taɓa madannin da ke gefe. Shafin ya yi fari na ɗan lokaci, sai ga saƙo da Faransanci yana taya ta murna cewa an karɓi rajistarta, kuma ba za a iya canza komai ba.

Sai da aka buga rasit muka ga ɓarnar. A ƙasan gurbin lambar waya akwai jerin garuruwan da mutum zai zaɓi inda zai zauna jarrabawa, kuma ba mu kai wurin ba. An jera garuruwan bisa tsarin haruffa, don haka na farko a jerin shi ne ya tafi. Abengourou ta riga Abidjan a haruffa. Yarinyar da ba ta taɓa kwana a wajen gidansu ba, an tura ta garin da ke gabashin ƙasar, tafiyar kimanin kilomita 200.

"Malam, wallahi ban taɓa Valider ba," in ji matashin, yana nuna mini linzamin kwamfutar da ke ajiye can gefe. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan, kuma shi ya sa na bi diddigin lamarin.

Komai ya koma intanet

Wanda bai zauna a Kodebuwa a 'yan shekarun nan ba zai yi mamakin yawan abubuwan da ba sa yiwuwa sai ta fom ɗin intanet. Rajistar ɗaliban sakandare ta farkon shekarar karatu a intanet ake yin ta, a biya ta Orange Money ko MTN ko Moov ko Wave. Gasar shiga kwalejojin horar da malaman firamare, wato CAFOP, da gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, da neman fasfo, duk daga shafin intanet ake farawa. Wannan ci gaba ne, domin ya rage dogayen layuka da 'yan tsakiya masu cin kuɗin jama'a.

Sai dai yawancin iyayenmu a Adjamé da Treichville, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da waɗanda aka haifa a nan, masu sayar da albasa da katako da nama da garba, ba su da kwamfuta a gida. Da yawa ma ba sa karanta Faransanci. Dole su dogara da yaran siber, ko wani ɗa, ko malamin makaranta. Mai cike fom ɗin yana sauri saboda layi, mai takardar kuma ba ya iya karanta abin da ke kan allo balle ya ce a tsaya. A irin wannan yanayi kuskuren daƙiƙa ɗaya kan zama wahalar makonni.

Abin da ke faruwa a bayan fage

Na kai tambayata wajen wani tsohon ɗalibina da yanzu yake rubuta shafukan intanet a wani ƙaramin ofis a Treichville, ba nisa da kasuwar Belleville. Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce in zauna ya nuna mini. Cikin 'yan mintuna ya haɗa fom mai gurbi biyu da maɓallai uku a ƙasa: Valider na tabbatarwa, Enregistrer na ajiyewa a ci gaba daga baya, da Annuler na sokewa. Ya ce in rubuta sunana in danna Enta, madannin da a allunanmu aka rubuta masa Entrée. Na danna, fom ya tafi ta Valider. Ya koma cikin rubutun shafin ya mayar da Annuler sama, ya ce in sake. Wannan karon duk abin da na rubuta ya goge.

Ka'idar ita ce: idan mutum yana cikin gurbin rubutu mai layi ɗaya ya danna Enta, burauza, wato manhajar shiga intanet irin Chrome ko Firefox, tana ɗauka cewa ya gama yana son turawa. Idan fom ɗin na da maɓallin turawa fiye da ɗaya, ba ta tambayar wanne ake so. Tana danna na farko a jerin rubutun HTML, harshen da ake gina shafi da shi. Ba ruwanta da wanda ya fi girma, ko mai launin kore, ko wanda ke hannun dama. Kuma wanda ya zo farko a rubutun ba lallai ne ya zama wanda ido ke gani a farko ba, domin mai zanen shafi na iya sauya musu wuri a kan allo ba tare da ya sauya jerinsu na ciki ba.

Wannan ba lalacewar kwamfuta ba ce, da gangan aka yi shi. Tun a ka'idar HTML ta biyu, wadda Tim Berners-Lee da Dan Connolly suka fitar a watan Nuwamba na 1995, an ce idan fom na da gurbin rubutu guda ɗaya tak, ya kamata burauza ta karɓi Enta a matsayin umarnin turawa. Wannan ne ya sa kake rubuta abu a Google ka danna Enta ba tare da ka nemi wani maɓalli ba. Daga baya burauzoji suka faɗaɗa abin zuwa fom masu gurabe da yawa, kuma ka'idar HTML ta yau, wadda ƙungiyar WHATWG ke kula da ita, ta rubuta shi a fili: maɓallin turawa na farko a jeri shi ne wanda Enta ke dannawa. Ta ƙara da cewa idan an kashe wancan maɓalli na farko, fom ba zai tafi ba. Idan kuma babu maɓallin turawa ko ɗaya, Enta ba zai tura fom ɗin da ke da gurbin rubutu fiye da ɗaya ba.

Akwai wani tarko da ya ce sababbin masu rubuta shafi na yawan faɗawa. A HTML, duk maɓallin da aka sa cikin fom ba a faɗi nau'insa ba, burauza na ɗaukarsa maɓallin turawa ne. Don haka ɗan ƙaramin maɓallin "cire wannan layi" ko "koma baya" da aka sa a saman shafi yana iya zama shi ne na farko a jeri, ba tare da wanda ya rubuta ya sani ba. Shi yana gwada aikinsa da linzami, komai na tafiya daidai, sai ranar da wani ya danna Enta a siber.

To me ya sa fom ɗin 'yar maƙwabcina bai ƙi tafiya ba, tunda ba a gama ba? Saboda a wajen kwamfuta an gama. Duk guraben dole an cike su, jerin garuruwa kuma ya zo da Abengourou a zaɓe tun farko. Babu abin da ya rage fanko da zai sa a tsayar da shi.

Dalilin da ya sa yatsa ke zamewa

Mutum zai ce ai laifin mai dannawa ne. Amma idan ka zauna a siber na awa ɗaya kana kallon hannayen masu aiki, za ka ga akwai dalilan da ke kai yatsa wurin.

Na farko shi ne allon madannan da muke amfani da shi. A yawancin ƙasashen da ke aiki da Faransanci allon AZERTY ne, ba QWERTY na Najeriya da Ghana ba. A AZERTY, layin sama ba ya fitar da lambobi kai tsaye. Idan ka danna inda aka rubuta 2 za ka ga é, inda aka rubuta 7 za ka ga è, sai ka haɗa da madannin manyan baƙaƙe sannan lamba ta fito. Saboda haka duk mai sauri yana komawa ga rukunin lambobin da ke hannun dama. A can kuwa akwai wani dogon Enta a kusurwar ƙasa, manne da lamba 3 da ɗigo. Tun daga 31 ga Janairun 2021 da lambobin wayar ƙasar nan suka tashi daga takwas zuwa goma, ga lambar ɗalibi, ga ranar haihuwa, ga lambar rasit, yatsun mai cike fom suna wuni ne a maƙwabtaka da wannan madanni.

Na biyu sabo ne. Duk wanda ya koyi kwamfuta da Excel ya saba cewa idan ya gama rubutu a gida ɗaya sai ya danna Enta ya sauka na ƙasa. Mu malamai mun fi kowa wannan ɗabi'a, saboda da shi muke lissafin makin ɗalibai. Ni kaina na taɓa zama ina shigar da makin aji guda a wani shafi, na buga na yaro na farko, hannuna ya danna Enta da kansa, shafin ya rufe jerin da sifili a gaban sauran yaran. Sai da na nemi wanda ke da ikon buɗewa. A fom ɗin intanet madannin Tab ne ke kai ka gurbi na gaba, amma ba kowa aka koya wa ba.

Na uku, Enta ba ya aiki iri ɗaya a ko'ina, ko a shafi ɗaya ma. A babban gurbin da ake rubuta dogon bayani, sabon layi yake buɗewa. A ƙaramin gurbin da ke samansa, fom yake turawa. Idan kuma Tab ya kai ka kan wani maɓalli, wannan maɓallin yake dannawa. A waya ma haka ne: madannin da ke kusurwar ƙasa yana kai ka gurbi na gaba, yana kai ka, sai a gurbin rubutu na ƙarshe ya rikiɗe ya zama na turawa, alhali akwai sauran abin zaɓa a ƙasa. Har na'urar karanta lambar kaya da ake gani a kantuna da shagunan magani, yawancinsu an saita su su tura Enta bayan kowace lamba, kamar wani ne ya danna.

A Treichville, inda ofisoshin masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa suke da yawa, wani akawu ya gaya mini irin nasa. Shi ba turawa ba ce matsalarsa, gogewa ce. A wani shafin da yake aiki da shi, maɓallin komawa baya ne na farko. Yakan cike dogon shafi na bayanan kaya, yatsa ya zame, ya tsinci kansa a shafin baya, in ya dawo babu komai. Ya ce yanzu ya liƙa ɗan kwali a gefen madannin don yatsansa ya ji shi kafin ya kai.

Ba talaka kaɗai abin ke ci ba

Kuskuren yatsa a kan allo ya taɓa girgiza manyan kasuwannin duniya. Ranar 8 ga Disamban 2005, wani ma'aikacin kamfanin Mizuho Securities a Japan ya so sayar da hannun jari ɗaya na kamfanin J-Com a kan yen 610,000. Sai ya juya lambobin, ya tura umarnin sayar da hannun jari 610,000 a kan yen ɗaya kowanne. Kamfanin ya gane kuskuren nan take ya yi ta ƙoƙarin sokewa, amma na'urar kasuwar hannun jari ta Tokyo ta ƙi karɓar sokewar saboda wata matsala da ke cikinta. Asarar ta kai kimanin yen biliyan 40. Shugaban kasuwar ya sauka daga muƙaminsa a watan, kuma a 2009 kotu ta umarci kasuwar ta biya Mizuho fiye da yen biliyan 10.

Ba Enta ne ya jawo wannan ba, amma hukuncin kotun ya shafe mu: ba a ɗora laifin duka a kan wanda yatsansa ya kuskure ba, an ɗora wani kaso a kan waɗanda suka gina tsarin da ba ya barin a gyara.

Masu tsara ka'idojin intanet ma haka suke gani. A watan Disamban 2008 ƙungiyar W3C ta fitar da ka'idojin sauƙaƙa shafuka ga kowa, waɗanda ake kira WCAG 2.0. Sashe na 3.3.4 ya yi magana a kan shafukan da ke ɗaure mutum da wani alƙawari na doka, ko biyan kuɗi, ko goge bayanansa, ko tura amsoshin jarrabawa. Ya ce dole a samu aƙalla ɗaya daga cikin uku: ko a iya janye abin da aka tura, ko a duba kurakurai a ba mutum damar gyarawa, ko a nuna masa duk abin da ya rubuta ya sake dubawa ya tabbatar kafin a rufe. A Faransa, dokar 21 ga Yunin 2004 kan kasuwancin intanet ta wajabta cewa mai saye ya samu damar duba odarsa da gyara kuskure kafin ya tabbatar. Gmail ma ya fara gwada maɓallin janye wasiƙa a 2009, ya mayar da shi na kowa a 2015, yana riƙe saƙon na daƙiƙa 5 zuwa 30 kafin ya sake shi.

Abin da masu gina shafi za su yi

Na tambayi tsohon ɗalibin nawa ko gyaran na da tsada. Ya ce yawancinsa aikin minti goma ne, sani kawai ake buƙata. Ga abubuwan da ya lissafa mini, na kuma ga yadda kowanne ke aiki a kan fom ɗin gwajinsa.

Da farko a duba wane maɓalli ne na farko a rubutun shafi, a tabbatar shi ne wanda ba ya cutarwa idan an danna shi bisa kuskure. A fom mai matakai da yawa, "ci gaba" ne ya kamata ya zo farko, ba "koma baya" ba. A fom mai "ajiye" da "tabbatar", "ajiye" ne. Idan ana son ido ya ga wani jeri dabam, ana iya sauya musu wuri da CSS, sai dai kada a wuce gona da iri har mai bin shafi da Tab ya rikice.

Sannan duk maɓallin da ba na turawa ba a rubuta masa type="button" a fili. Maɓallin gogewa ko sokewa kuma a raba shi da sauran, ko a ba shi nasa fom dabam, ko a sa ya yi tambaya kafin ya aikata.

Jerin zaɓi kada ya zo da amsa a zaɓe. Layin farko ya zama fanko mai cewa "zaɓi gari", a kuma sa shi cikin guraben dole. Wannan kaɗai da ya tsare 'yar maƙwabcina, domin da Enta ya yi ƙoƙarin turawa, burauza za ta tsayar da shi ta nuna gurbin da ba a cike ba.

Duk fom ɗin da ya shafi kuɗi ko jarrabawa ko takardar shaida, a sa masa shafin dubawa a ƙarshe, mai nuna komai da manyan baƙaƙe, da maɓallin gyara kusa da kowane layi. Bayan an tura kuma a bar ƙofar gyara ta kwana ɗaya ko biyu. Uwar garken da ke karɓar fom ɗin ta san yadda za ta gane wanda aka turo sau biyu, don kada a cire wa mutum kuɗi sau biyu idan intanet ta yi nauyi ya sake dannawa.

Na ce masa, to me zai hana a kashe Enta ɗin gaba ɗaya a huta? Ya ce ana iya yi. Wasu na sa maɓallin turawa da aka kashe aka kuma ɓoye a farkon fom, wasu na rubuta 'yan layukan JavaScript da ke tare madannin. Amma ya ce ba ya son a mayar da shi al'ada. Makafi da ke amfani da manhajar karanta allo, da waɗanda hannunsu ba ya iya riƙe linzami, da madannai kaɗai suke bin shafi. Idan aka tare Enta ba da lura ba, sai a hana su danna maɓalli, ko a hana kowa buɗe sabon layi a gurbin dogon bayani. A wurin shiga da kalmar sirri ko wurin bincike kuwa, kowa na sa ran Enta ya yi aiki. A ganinsa, a bar shi, a dai tabbatar inda zai kai mutum ba rami ba ne. Ya kuma ja kunnen masu amfani da enterkeyhint, abin da ke sauya rubutu ko alamar madannin a allon waya: suna kawai yake canzawa, ba ya canza abin da madannin ke yi.

Abin da mai cike fom zai yi

Kafin masu shafuka su gyara, mu ne za mu kiyaye. Ga abin da nake gaya wa iyaye da yaran siber na unguwarmu:

Ka rubuta komai a takarda kafin ka zauna gaban kwamfuta, sunaye kamar yadda suke a takardar haihuwa, harafi da harafi. Mu Hausawa mun fi kowa shan wahalar wannan, domin Usman na iya zama Ousmane ko Oussoumane, Hadiza ta zama Adiza ko Hadjiza, gwargwadon kunnen wanda ya rubuta.

Da ka buɗe fom, ka gangara har ƙasa ka ga tsawonsa da maɓallan da ke ciki kafin ka rubuta komai. Ka fara da jerin zaɓi da wuraren sa alama da ɗora hoto, ka bar guraben rubutu zuwa ƙarshe. Ta haka ko yatsa ya zame, zaɓin da ya tafi naka ne.

Ka yi amfani da Tab wajen zuwa gurbi na gaba, Shift da Tab wajen komawa baya. A waya ka taɓa gurbin da kake so da yatsa, ka bar madannin kusurwa.

Idan akwai maɓallin ajiyewa, ka riƙa danna shi a kai a kai. Idan shafi ya yi nauyi bayan ka tura, ka jira. Kada ka sake dannawa, kuma idan burauza ta tambaye ka ko ta sake tura bayanan, kada ka yarda sai ka tabbatar na farko bai shiga ba.

Kada a biya kuɗi sai an karanta wa mai takardar abin da ke kan allo da harshen da yake ji. Minti ɗaya ne. Wanda ke bayanka a layi zai yi gunaguni, amma ba shi zai yi zirga-zirgar gyara ba.

Idan kuma abin ya riga ya faru, ka ɗauki hoton allon da rasit ɗin nan take, ka rubuta takardar neman gyara a ranar, ka riƙe kwafi. Dokar Kodebuwa mai lamba 2013-450 ta 19 ga Yunin 2013, kan kare bayanan mutane, ta ba kowa haƙƙin neman a gyara bayanansa da ba daidai ba, kuma hukumar ARTCI ce ke sa ido a kanta. Ba kowane kuskure ne dokar za ta warware ba, amma wanda ya san da ita ba ya zuwa ofis kamar mai roƙo.

Yadda ta ƙare

Mun je ofishin makarantar sau uku. Karo na farko aka ce mai kula da kwamfuta ba ya nan. Na biyu aka karɓi takardarmu. Na uku aka ce an riga an raba jerin sunaye ga cibiyoyi, bakin alƙalami ya bushe. Kowace tafiya kuɗin gbaka ne, da rabin wunin kasuwa da Alhaji ya rasa, da darasin da na roƙi wani abokin aiki ya riƙe mini.

A ƙarshe yayanta ya raka ta Abengourou. Suka sauka gidan wani ɗan garinsu Alhaji, suka kwana biyu. Kuɗin mota da guzuri ya ninka na rajistar. Alhamdu lillahi ta ci jarrabawar, kuma an yarda ta yi karatun a reshen Abidjan. Amma da uban ya ce 'yarsa ba za ta yi wannan tafiya ba, kamar yadda iyaye da yawa za su ce, da shekara guda ta tafi, wataƙila ma karatun gaba ɗaya.

Da na yi wa Alhaji bayanin abin da na gano, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ni ko buhun albasa zan ɗora a mota, sai yaro ya ƙirga, na ƙirga, direba ya ƙirga. Ashe su masu ilimin ba sa sake ƙirgawa?"

Na koma siber ɗin kwanakin baya. Matashin ya gane ni, ya nuna mini wata 'yar takarda da ya manna a saman allonsa, ya rubuta "Tab" da jan biro. Ya ce yanzu ba ya danna Valider sai ya juya allon ya karanta wa mai takarda. Ni ma a ajina, duk ranar da muka samu shiga ɗakin kwamfuta, kafin yara su fara komai nakan sa su ɗora yatsa a kan Tab, sannan su nuna mini inda Enta biyun suke. Tsohon ɗalibin nawa kuma ya yi alƙawarin rubuta wa makarantar wasiƙa, ya nuna musu layuka biyun da za su canza kafin rajistar baɗi.